Gurbi Na Bakwai

A ɗakin kati na asibitinmu, bayan Ƙofar Marusa,
fanka ɗaya, kujera biyu, na'ura mai tari kamar tsoho,
nan ni da Rabe muka raba gari a kan fayil guda.

Rabe ya ce, "Mi za a yi da shi?
Ga rumbun bayanai nan tsaye da ƙafarsa.
Tambaye shi, zai zayyano maka jadawalinsa kaf,
gurbin suna, gurbin shekaru, gurbin unguwa,
wanne ke cin lamba, wanne ke cin harafi.
Wanda ke kwana cikin gida, ina ruwansa da zanen magini?
Goge shi.
Agogo biyu a hannu ɗaya, sai ka rasa lokacin sallah."

Ban ce ƙarya yake ba.
Wata Laraba da layi ya kai bakin titi
shi ya faɗaɗa gurbin lambar waya kai tsaye, a cikin rumbu,
jama'a suka samu kati, aka tashi lafiya,
fayil kuwa na barci, bai ji labari ba.
Wata huɗu yana faɗin abin da ya wuce
da murya irin ta mai gaskiya.

Duk da haka na ja kujera na buɗe shi.
Rubutun tushe ne, da shi aka haifi jadawalin,
layi ɗari biyu da 'yan kai,
aikin Murjanatu kafin ta tafi karatu Zariya.
Na gangara zuwa gurbi na bakwai,
wanda Rabe ya daɗe yana harara,
wai cin wuri ne, wai ba kowa ke cika shi ba.
A gefensa ta bar magana,
irin wadda na'ura ke tsallakewa,
wadda rumbu bai ɗauka ba ranar da aka gina shi:

"Kada a cire wannan.
Iya Tasalla ta kawo ɗanta na fari da zazzaɓi,
ta ƙi faɗin sunansa, ko da za a kwana nan.
Mai Sunan Malam, ta ce, ta sunkuyar da kai.
Awa guda muna neman katinsa.
Nan ake rubuta sunan da uwa ke iya furtawa."

Rabe ya yi shiru. Fanka ta yi ta juyinta.

Na ce rumbu ya san siffarsa, haka ne,
yadda rijiya ta san zurfinta.
Ba ta san wa ya haƙa ta ba,
ba ta san me aka tarar a gaba na shida aka karkata ba.
Ran da wuta ta zo da hauka ta soye uwar na'ura,
wa za ka tambaya, toka?
Ran da za a buɗe reshe a Batagarawa,
da "ina jin haka ne" za ka gina musu?

Ya ce, "To agogo biyun fa?"
Na ce a mai da ɗaya liman, ɗaya mamu.
A fara sa wa fayil, da kwanan wata, da dalili, da sunan mai hannu,
sannan rumbu ya bi sahu.
Ya ce, "Har ran da layi ya kai titi?"
Nan tari ya kama ni.
Ba ni da amsa mai tsabta.
Na ce ko bayan isha'i ne a dawo a rama.

Bai ce ya yarda ba. Rabe ba ya faɗin haka.
Dab da la'asar dai na ji yatsunsa,
yana biyan bashin Larabarsa:
"An faɗaɗa gurbin waya, saboda mutanen Maraɗi,
lambarsu ba ta shiga. Rabe."

Sai aka ƙwanƙwasa taga.
Wata dattijuwa ce, da saurayi jingine a kafaɗarta.
Rabe ya ce, "Sunan yaron, Iya?"
Ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi.

Ya tsallake gurbi shida,
ya ɗora yatsa, ya jira.