Aikin Dare a Bakin Tafki

Uku saura kwata na dare.
Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Bolonya,
daga ni sai Nives a ɗakin bututu,
sai gurnanin famfo,
sai gahawar da ta huce tun sha biyu.

A cikin bututun nan dalma ce ke gudu,
an narka ta da ɗan litiyom,
nauyinta ya fi na bashi,
zafinta ba a gaisa da shi da hannu.
Shekara talatin da ɗaya ina sauraronta.
Na san tarinta. Na san ranar da za ta yi gardama.

Abin da muke nema a cikinta
ido bai taɓa ganinsa ba.
Tiritiyom sunansa.
Ɗan mitsitsi ne, amma an ce da shi za a hura
irin wutar da rana ke ci.
Ba a haƙo shi a rami, ba a sayo shi a buhu,
a cikin dalmar za a haife shi,
mu kuma mu karɓi haihuwa
kafin ya sulale.

Don sulalewa ce sana'arsa.
Ƙarfen da ke tsare ruwa, ya tsare iska,
shi ratsa shi yake
kamar sanyi ta ƙasan ƙofa.
In ka adana shi ma ba ka tsira ba:
shekara sha biyu da 'yan watanni
rabi ya tafi, ba ɓarawo, ba ɓera.

Mun gwada busa masa iska, ya hau kumfa ya fito.
Mun gwada rariya, dalma ta zubo ɗigo-ɗigo
ta saki abin da ta haɗiye.
Yau kuma siririn bango muka kafa masa,
bayansa ba komai, ko iska babu,
wai ya ga fili ya yi kwaɗayin fita.

Nives ta ce, "Settimiyo, allura ta motsa."
Na sa tabarau. Ta motsa ɗin,
kaurin gashi ɗaya.
Ta rubuta a littafi, hannunta na rawa.

Ban tuna mata ba,
ai ta sani:
ba shi ba ne ma tukuna.
Ɗan'uwansa mai araha muke koyon kamu da shi.
Na gasken sai an gina babban murhun,
ni kuwa watan Yuni zan ajiye makulli.

Kakana ya ɗauki dutse a gina dam ɗin tafkin nan,
ya rasu gidansa na kunna fitilar kananzir.
Ban taɓa jin ya ce an cuce shi ba.

Gari ya soma fari a kan tsauni.
Nives ta yi barci a kujera, biro a hannu.
Na rage ƙarar rediyo,
na koma gefen bututu,
inda ɗumi yake.