Dashen Ɗanbushiya

Shekara ashirin da bakwai ina haya a Tudun Wada,
ko ƙwallon gwaiba ban taɓa binnewa ba.
Tsakar gida siminti, mai gida kuma ya ce
saiwa tana fasa gini.
Na yi shiru. Rabon ɗan haya a tsakar gida
bai wuce igiyar shanya ba.

Yau ga ni a Ɗanbushiya, ƙetaren kogi,
ɗaki biyu, katanga babu yaɓe,
taga ɗaya har yanzu buhu ne labulenta.
Asabe ta ce a fara da ƙyauren banɗaki.
Ni kuwa na dawo da dashe huɗu a cinyata:
mangwaro mai aure, lemon zaƙi, gwaiba,
da wata 'yar gwanda
da Dogara mai lambun bakin gada ya ba ni gyara.

Ƙasar nan ja ce, marmara ce,
diga na sara tana tartsatsi.
Na tono ɓaraguzan bulo, ƙusa mai tsatsa,
da takalmin wani magini, ƙafar hagu.
Na cika ramuka da takin shanu wanda ya sha rana,
don ɗanye, in ji Dogara,
wuta ce da ba ta hayaƙi.

Da bazara ta kankama rijiya ta ja da baya,
guga na dawowa da laka.
Ɗan garuwa ya ƙara wa jarka kuɗi.
Sai na koma alwala a kan bokiti,
sau biyar a yini, ba na zubar da ko ɗigo.
Asabe, mai faɗan ƙyaure,
na kama ta da asuba
tana ba lemo ruwan wankin shinkafa
tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.
Na koma ɗaki kamar ban gani ba.

Gara ta zo ba sallama,
ta yi wa gwaiba rigar ƙasa har wuya.
Na kankare da tsinke, na zagaye gindin da toka.
Akuyar Kande ta shigo ta kafar magudana,
ta aske lemo tas, ta bar mini ƙaya.
Ban kai ƙara ba. Na jera bulo, na yafa tsohon gidan sauro,
sati uku, sai ga toho
kore shar kamar bai san an yi ba.

Gwandar nan ta gyara ta fi kowa sauri,
ta wuce katanga, ta yi fure, ta yi fure,
ko ɗa guda.
Ashe namiji ne.
Asabe ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a sare.
Na ce a bar shi, ƙudan zuma sun san da zamansa.

Bana mangwaro ya kawo mini ƙugu,
ya fitar da fure, ƙamshi har ɗaki.
Na hau mota takanas na kai wa Dogara albishir.
Bai ko ɗago daga ledojinsa ba.
"Tsinke su. Kafaɗarsa ba ta isa kaya ba.
Ka ba shi damina biyu."

Damina biyu!
Shekarata sittin da huɗu, gwiwa tana ƙara.
Kwana uku ina zagaya shi, hannu a baya.
Ran na huɗu na tsuguna na tsinke,
ƙaro ya manne mini a yatsu,
har la'asar ina jin ƙamshinsa.

Zinatu jikata ta tsince furen a gefen zanenta.
"Kaka, yaushe za mu sha?"
Na tsayar da ita a jikinsa, kai da kai suke.
Na ce, ranar da ya fi ki tsawo
har kika nemi sanda.

Amma akwai reshe ɗaya ta wajen katanga,
can inda ido ba ya kaiwa.
Na bar masa furensa.
Dogara bai sani ba.