Ludayin Roba

Ƙarfe uku saura na dare a Valparaíso,
jiragen ruwa na kuka can gindin tudu.
An turo mini Eleuterio Cárcamo,
shekara talatin da huɗu yana sauke kaya a tasha,
wuya kamar turmi, haɓa ta noƙe ciki,
matsarmama cike da tsakuwa.

Ya ce, "Likita, in na yi minshari ban da dariya."
Na ce ƙirga goma.
A shida ya tafi.

Na sa ƙarfe mai fitila, na ɗaga harshe.
Nama ja, yawu, duhu.
Ƙofar da nake nema ta laɓe bayan marfinta.
Na gyara matashi, na sake leƙawa.
Shiru.
Na'ura ta fara sauke murya:
casa'in da biyu,
tamanin da takwas.
Duk wanda ya taɓa tsaron mai barci
ya san wannan ƙara, a ciki ake jin ta, ba a kunne ba.

Sau biyu ya isa. Na uku taurin kai ne,
maƙogwaro kuwa kumbura yake in an dame shi.

"Ximena, lamba biyar."
Ashe ta riga ta yage leda.

Abu ne marar kwarjini,
ludayin roba mai lanƙwasasshen mariƙi.
Ba ya kutsawa ciki, bakin ƙofa yake zama.
Na shafa masa mai, na bi da shi ta ganɗa,
ya zame, ya sami gurbinsa, ya tsaya.
Na matsa jakar iska.

Ƙirji ya taso.

Ya sauka. Ya sake tasowa.
Layin allo ya fara zana tudu bayan tudu,
casa'in, casa'in da biyar,
wani a bayana ya saki ajiyar zuciya.

Yanzu lokaci nawa ne, ba na aro ba.
Na zura kyamara siririya kamar igiyar takalmi
ta cikin mariƙin ludayin,
sai ga su a allo, fararen zare biyu
da ya sha kiran abokan aiki da su a cikin hazo.
Na wuce tsakaninsu a hankali,
na ƙirga zoben guringuntsi
har inda hanya ta rabu biyu,
sannan bututu ya bi sawu.

"Bismillarku," na ce wa masu wuƙa, da yarenmu.

Hannuna bai yi rawa ba sai kan kofin shayi.

Da hantsi ya farka da dasasshiyar murya.
Na ba shi takarda: duk asibitin da ka je, nuna musu,
wuyanka wuya gare shi.
Ya ninke ta huɗu, ya cusa bayan hoton jikarsa,
ya dube ni da ido ɗaya,
ya ce, "To, na yi minsharin?"