Mai Gadin Sanyi

Ƙarfe biyu na dare a Yaba,
wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba.
Ni Tanimu na zabura, tocila a baki,
na murɗa janareta, ya yi tari, ya kama.
Minti huɗu aka ba ni, ba biyar ba.
Bayan nan, in ji Dakta Morenike,
aikin shekara bakwai zai fara narkewa.

A hawa na biyu akwai firij mai baƙin sanyi,
sanyin da ƙanƙarar masu kifin Ijora
za ta ji kunya a gabansa.
Ciki akwai sauron da aka kamo a Makoko,
kowanne da lambarsa kamar ɗan fursuna.
Ana so a san yadda aka yi
maganin da ya kashe kakanninsa
shi yake shaƙa ya wuce yana kuka a kunnen mutane.
Akwai jinin yara masu sikila, ɗigo-ɗigo,
iyayensu sun dangwala hannu.
Akwai laka daga gindin doguwar gada,
da tumbin kifi da aka tsaga
aka tarar da ɓarɓashin leda.

Ban yi nisa a boko ba,
amma kunne ba ya biyan kuɗin makaranta.
Ina zuba dizal, suna shan shayi a bakin ƙofa,
Ejiro na cewa ana nazarin wasu ƙwayoyin halitta
masu cin roba kamar akuya da ɓawon rogo.
Na ce a kawo su kwatarmu ta Agege,
su ƙoshi har su yi jikoki.
Kowa ya yi dariya, ban da ita.
Ta ce, "To me kake tsammani muke nema a lakar?"

Wani dare Akintunde mai lissafi ya miƙo mini waya:
ɗigon haske ja-ja a cikin baƙi.
Ya ce hasken nan ya baro gida tun ba a yi duniya ba,
sai yanzu ya iso madubin da aka rataye a sama.
Ashe akwai wanda ya fi mu daɗewa a hanya,
mu da ke tsaki a cunkoson Oshodi.
Na ɗaga kai in gani da idona.
Legas ba ta ba ni tauraro ko ɗaya ba,
sai jirgi mai sauka Ikeja.

Ya ce kuma suna auna garin nan daga can sama,
ƙasa na ɗan zama, teku na ɗan miƙewa.
Tun daga ranar, in na taka kwalta,
sai in ji kamar tabarma aka shimfiɗa kan ruwa.

'Yata Ma'u ta tambaye ni ranar Lahadi:
"Baba, me suka gano a wurin naku?"
Na rasa amsa.
Don na ga ranar da Dakta ta fito, ido jawur,
abin da ta bi shekara uku ya ce ba shi ba ne.
Ta zauna kan jarkar dizal ɗina, ta cire safar hannu,
ta ce, "Yau mun san hanya ɗaya da ba ta ɓullewa."

Mahaifina mahaƙin rijiya ne a Malumfashi.
Na tuna shi a gaba goma sha biyu, sai dutse.
Ya fito, ya karkaɗe jiki, ya sha fura,
ya auna taku ashirin gabas, ya sake kafa diga.
Wannan na faɗa wa Ma'u.
Ta ce ba amsa ba ce.
Na ce haka su ma suke cewa kullum, su koma ciki.

Ƙarfe huɗu da rabi wuta ta dawo.
Na kashe inji, na hau sama,
na kara kunne jikin firij
kamar mai sauraron numfashin jariri.
Yana gunji a hankali.
Daga masallacin bayan layin dogo
ladan ya fara gyaran murya.