A Dawowa Nake Sanin Mutum

Wilder sunana, kwalekwale sana'ata.
Daga gaɓar Iquitos nake ɗaukar su,
awa uku a kan kogin Nanay, sai bukkar Doña Ermelinda,
inda kurangar kurmi ke kwana a tukunya
har ruwanta ya yi kaurin kunu, ya yi ɗacin maɗaci.
Ayawaska suke nema.
A tafiya duk kamarsu ɗaya:
jaka a baya, man sauro, baki cike da tambaya.
A dawowa nake sanin mutum.

Torunn ta zo daga ƙasar ƙanƙara.
Shekara huɗu da rasuwar ɗanta,
ba ta taɓa murɗa ƙofar ɗakinsa ba.
Ta sha, ta kwana tana amai.
Ta ce ta ga yaron yana ɗaure igiyar takalmi,
ko ɗagowa bai yi ya dube ta ba,
kuma wai hakan ya ishe ta.
A jirgi ta roƙi lemo, ta ɓare da farce,
tana tofar da 'ya'yan a ruwa,
tana kuka irin na wanda aka sauke wa kaya.
Bayan damina biyu ta aiko mini da kati.
Ta yi wa ɗakin fenti.
Wasu ranakun, in ji ta, har yanzu da nauyi.

Bastien kuwa, ashirin da uku,
tukunya ɗaya suka sha, dare ɗaya.
Tsohuwa ta tambaye shi:
akwai mai taɓin hankali a danginku?
Ya ce babu. Ya ɓoye labarin kawunsa,
ya cusa ƙwayoyin asibiti cikin safa.
Gari ya waye wa kowa, shi bai waye masa ba.
Ya ce injina yana kiran sunansa.
Ya ce kogin ido ne, ba ya ƙiftawa.
Da igiyar ɗaure jirgi na ɗaure ƙugunsa
kada ya bi muryar cikin ruwa,
hannu ɗaya a inji, ɗaya a kafaɗarsa,
awa uku yana roƙona in kashe rana.

A asibiti, Likita Shupingahua
ta zana mini a bayan takardar magani.
Ta ce, ka san koginka, to haka ƙwaƙwalwa take,
kowane rafi da gaɓarsa.
Abin da suke sha ambaliya ce.
Rafin da bai san ɗan'uwansa ba sai su haɗe,
launi ya yi ƙara, ƙara ta yi ɗanɗano,
mai gadin da ke cewa "nan ni ne, can duniya ce"
ya shiga gyangyaɗi.
In ruwa ya janye, wata gonar ta sami taki.
Wani gidan kuwa, da ma gara ta ci ginshiƙinsa.
Na ce, ba a ganewa tun kafin a hau jirgi?
Ta ce, wani lokaci.
Aka kira ta, ta bar mini takardar.

Uwarsa ta iso ran kwana shida,
riƙe da rigar sanyinsa
a garin da gumi ba ya bushewa.
Ta ba ni kuɗi. Na karɓa. Ban ji daɗin cin su ba.
Ko ya koma cikin kansa, ban sani ba.
Shi babu kati.

Ni ban taɓa sha ba.
Kakata sau uku ta sha duk rayuwarta,
kowane da dalilinsa, bayan mako babu gishiri,
takan ce kada ka buɗe ƙofa
in ba ka san wanda zai taya ka rufewa ba.

Gobe mutum bakwai ne. Na sayi mai.
Kafin in tayar da inji zan bi su ɗaya ɗaya
da guntun Turancina:
wa ke ciwo a gidanku, me ke cikin safarka?
Dariya suke yi, suna ɗaukata hoto.
Igiyar tana nan ƙarƙashin benci.