Tebur na Bakwai

A taron 'yan wasan tebur, Talata Mafara,
na bakwai aka ba ni, kusa da taga.
Ƙafarsa ɗaya gajera ce, na cusa mata kwali.

Na kwance tsumma: dawakaina goma sha biyu,
na laka, tsawon ɗan yatsa.
Mashin kowane mahayi tsinken tsire ne
da na fiƙe daren jiya.
Zare a tsakiya, shi ne shinge.

Dokar ba ta da yawa.
Ka zaɓi inda za ka soka, garkuwa ko kwalkwali,
ka riƙe a ranka,
sai a watsa wuri huɗu.
Wanda nasa suka kife, ƙasa ta karɓe shi.

Namakka tela ya yi gardama har hularsa ta karkace,
wai iskar fanka ce ta ture jaruminsa.
Luba, 'yar aji uku, ba ta ce uffan ba,
ta kayar da maza biyar a jere
da dokin nan mai guntun kunne da kowa ya ƙi.

Da la'asar wani dattijo daga Maradun ya tsaya,
hannuwa a baya, bai taɓa wuri ba.
Mahayi ya faɗi, wuya ya ɓalle.
Na ɗiga ƙaro, na hura,
na mai da shi kan sirdi.

Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Ashe nan ana tashi."
Ya tambayi kuɗin shiga. Na ce babu.
Ya ja kujera.