Ginin da Ya Kishingiɗa

Daga Ƙofar Ƙaura muka ɗauki hanya,
ni da Tasalla, 'yar ƙanena,
da guduma a jakarta, sai ka ce maƙera suka haife ta.
Inda kwalta ta gaji muka sauka,
muka bi sawun shanu ta cikin rafin da ya ƙafe.

Can muka same shi. Ba a tsaye ba,
a kishingiɗe,
falle kan falle, duk sun karkata gefe guda,
kamar zannuwa a cikin adaka
da wani ya ɗaga kusurwarta, ya manta bai sauke ba.
Ja, toka-toka, sai wani siriri mai ƙyalli
da ya shafa mini yatsa kamar kwalli.

Ta ce, "Baffa, da can a kwance suke,
laka ce a ƙarƙashin ruwa."
Na ce, "Ruwa? Nan da ake sayen jarka da ciniki?"
Ta ce, "Ƙasa ce ta yi miƙa,
a hankali, ko farce ya fi ta saurin tsiro."

Shekara talatin da ɗaya ina jera bulo.
Da na taɓa yin layi ɗaya haka
da mai gida ya riƙe mini kuɗin yini.
Na zaro igiyar awo daga aljihu,
don hannu ba ya mantuwa,
na sake ta a jikinsa.
Ta yi lilo, ta tsaya, ta rasa abin faɗa.
Katangar da na miƙar a Sabuwar Unguwa
damina huɗu ta tsage.
Wannan karkataccen kuwa
ko gyambo babu, sai gidan damo.

Wani yaro mai awaki ya leƙo daga sama:
"Zinariya kuke nema?"
Tasalla ta ce, "Shekaru."
Ya dube mu, ya kora awakinsa.

La'asar ta riske mu a nan.
Na shimfiɗa rawani, ya zame,
na dawo kan yashi.

Da za mu tafi ta ce in tsaya a gindinsa
don a gane girmansa a hoto.
"Miƙe sosai, Baffa."
Na yi ƙoƙari. Bayan nan nawa ya ƙi.

Hoton yana wayarta har yanzu:
ni da shi,
gefe guda muka karkata.